An Keɓe Maka Kujera

Ranar Alhamis ɗin nan Hafiza ta canja wurin zama sau huɗu kafin hantsi ya dubi ludayi. Ta fara a ɗakinta, zafin bazara ya koro ta. Ta dawo baranda, kaji suka dame ta. Ta koma gindin dalbejiya, can kuma sabis ya ɗauke, ta sake rungumo kwamfutar ta dawo wurin kajin. Mahaifiyarta tana tankaɗen gari ta dube ta ta ce, "Ke kam yau kamar wadda cinnaka ya shiga wa zane."

Ba cinnaka ba ne, rahoto ne. Hafiza, babbar 'yar Malam Mamuda mai shagon iri da taki a cikin garin Makarfi, wata biyar ke nan tana aikin gwaji da wani kamfanin talla na Kaduna. Daga gida take yi, sai ranar Litinin ta leƙa ofis. Shugabarta, Madam Winifred, mace ce mai kirki da saurin magana, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta gaya mata tun makon jiya: "Hafiza, wannan rahoto shi ne takardarki. In ya yi kyau, kujerarki ta tabbata a ofishin nan. In bai yi ba, ni da ke sai dai mu gaisa a hanya." Ƙarfe huɗu na yamma za a tura shi.

Aikin kuwa ba wani mai wuya ba ne. Kamfanonin jirgin sama uku za a jera, a ga tallan wa ya fi jan mutane a intanet. Akwai Gauraka, mai zuba talla da Turanci da hotunan ma'aikata masu fararen haƙora. Akwai Tsattsewa, da ta ɗauko masu barkwanci suna yi mata bidiyo. Sai Shamuwa, ƙaramar cikinsu, mai jirage uku kacal tsakanin Kano da Abuja da Legas, wadda ita ce ta ba ofishin su Hafiza kwangila. Hafiza ce ta ce a gwada talla da Hausa. Ita ta zaɓi hoton wani dattijo cikin farar riga yana leƙen tagar jirgi, ita kuma ta rubuta layin da ke ƙasa: "Kama kujerarka kafin ta ƙare. Shigar da suna kyauta ne." Aka sake shi mako biyu bayan ƙaramar Sallah.

Kai, tallan nan ya yi abin da ba a zata ba. Manhajar da ofis ke auna tallan abokan hamayya da ita ta nuna Gauraka ba ta kai mutum dubu ba, Tsattsewa da duk barkwancinta ta ɗan haura dubu. Shamuwa kuwa mutum dubu shida da ɗoriya ne suka latsa, suka rubuta suna da lambar waya. Madam Winifred har rawa ta taka a ofis, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba.

To me ya hana Hafiza zama? Abu biyu. Na farko, cikin dubu shidan nan mutum goma sha tara ne suka sayi tikiti. Ta nuna wa Madam, Madam ta ce wannan ba ciwon kansu ba ne, su nasu kawo mutane bakin ƙofa, shigar da su aikin Shamuwa ne. Na biyu taswira. Duk inda aka cike fom, jan ɗigo ke fitowa, kuma ɗigon nan bai taru a Kano ko Kaduna ba, inda masu zirga-zirgar Legas suke. Ya taru a Gubuchi, ya taru a Taba ta ƙasar Kudan, ya yi dandazo a Kurmin Kogi ta ƙasar Ikara. Hafiza ta san garuruwan nan. Me mutanen Taba za su je yi Legas ana tsakiyar sharar gona? Ta buɗe taswirar ta rufe ya fi sau goma, kamar mai taɓa haƙori mai ciwo da harshe.

Tana cikin haka waya ta yi ƙara. Gwaggo Hussaina ce daga Gubuchi, ƙanwar babanta, wadda in ta samu labari ba ta bari ya kwana. Aka gaisa, aka tambayi gida da zafi da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Hafiza, albishirinki! Baffanki Ɗan'azumi ya samu kujera."

"Kujera? Ta Makka?"

"To ta ina kuwa? Yau kwana biyar yana yawon sallama. Gida-gida yake bi yana neman gafara."

Hafiza ta ji daɗi har cikin ranta, don duk Gubuchi an san Baffa Ɗan'azumi, wan babanta, shekara da shekaru yana rakiyar maniyyata tasha yana dawowa shi kaɗai. Ta ce, "Alhamdu lillahi! Gwaggo, wa ya ba shi? Ciyaman ne ko ɗan majalisa?"

"Babu ko ɗaya. A waya ya samu, wurin Ukasha mai caji. Wani kamfanin jirgi ne ke rabawa, Shamuwa ne ko Balbela. Suna kawai ake shigarwa, kyauta."

Hafiza ta katse wayar. Ta dubi allon kwamfuta, ta ga jan ɗigon nan ya rufe Gubuchi ruf. Ita da ta yi karatun talla shekara huɗu, ita da aka haifa a ƙasar nan, ta manta abin da kowace tsohuwa ta sani: in aka ce kujera bayan ƙaramar Sallah, ga jirgi ga dattijo cikin fararen kaya, ba wanda zai tuna Legas.

Ta kira Madam Winifred tana saka hijabi da hannu ɗaya. Madam ta saurara, ta ce, "Kash. To amma ba ƙarya muka yi ba, ko? Kujera kujera ce. Ki tura rahoton yadda yake, mako mai zuwa mu canja kalmar a hankali. In kika rubuta cewa dubu shidan nan kuskure ne, Shamuwa za ta janye kwangila. In ta janye, ni kaina ban san me zan ce wa masu kamfani ba, balle in roƙa miki kujera. Kin ji ni?"

"Na ji, Madam."

"Ƙarfe huɗu, Hafiza."

Ta zura kwamfutar cikin jaka ta fito. A zaure ta tarar da babanta kan kujerarsa ta katako mai jingina, wadda ba a taɓa ganin wani ya zauna a kai ba, ko mai unguwa in ya zo tabarma ake shimfiɗa masa. Ta yi mamaki, don war haka a shago ya kamata ya kasance. Sai ta tuna jiya ma a nan ta gan shi, shekaranjiya ma haka, carbi a hannu, ido a kan hanya. Ta durƙusa ta ce za ta Gubuchi ta dawo. Ya buɗe baki kamar zai ba da saƙo, sai ya ce, "A dawo lafiya."

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam Mamuda da wansa ba sa ga-maciji. Kan wata ɗorawa ce a iyakar gonar gado, kowa ya ce a ɓangarensa take. Aka yi musayar kalaman da ba a maimaitawa, Mamuda ya kwashe iyalinsa ya dawo cikin gari. Ɗorawar ma iska ta kayar da ita shekara uku da suka wuce, gabar tana nan daram.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ta bai san ana sauri ba, ko kuma ita ce komai ya yi mata nawa. Gonakin rake da aka sare sun yi fayau, hadari ya haɗu can gabas yana ta alkawarin da ba ya cikawa. Ta duba agogon waya sau uku kafin su isa. Sha biyu da rabi ta sauka gaban rumfar Ukasha.

Ukasha magidanci ne mai furfura a gemu, shekara goma sha biyar yana cajin wayoyin Gubuchi da ɗan janaretonsa, kuma shi ne ofishin garin: shi ke cike fom, shi ke karanta saƙo, shi ke gaya wa mutum ko ɗan damfara ne ya kira shi. A kan bencinsa mutum biyar na jiran layi, har da wata tsohuwa riƙe da katin zaɓe a ƙullin zane. Ya gane Hafiza, suka gaisa, ya juyo mata da wayarsa cike da alfahari.

"Kin ga abin alherin? Ni na fara gani. Na ce wannan ba na damfara ba ne, don ba su tambayi ko sisi ba. Ka sa suna, ka sa lamba, sai ga amsa." Ya latsa, rubutu ya fito kore shar: "An keɓe maka kujera." Ita ta fassara wannan layin ma, cikin minti ɗaya, tana cin gyaɗa.

"Malam Ukasha, shafin da ke biye fa? Wanda ake zaɓen gari?"

"Ai wannan da Turanci yake, na ma'aikatansu ne. Mu namu ya ƙare a nan. Na tura wa surukina a Taba, shi ya tura Kurmin Kogi. Wallahi duk wanda ya rubuta abin nan, Allah ya saka masa da alheri."

Mutanen benci suka ce amin. Hafiza ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta so ta yi magana, tsohuwar nan ta dube ta tana murmushi da sauran haƙoranta, sai ta kau da kai. Ta tambayi inda Baffa yake, aka ce ya nufi unguwar maƙera.

A hanya ta cim masa, yana fitowa daga wani gida. Dogo ne siriri, ya sha wankakkiyar riga mai ruwan toka da hular da ba ya sawa sai Juma'a. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ya dube ta da kyau, don rabonsa da ita tun tana sakandare, sannan fuskarsa ta washe.

"Hafizatu ce? Ikon Allah. Tashi, 'yata, tashi. Mu samu inuwa."

Suka zauna kan wani gungume a gindin mangwaro. Ta shirya magana tun a kan babur, yanzu duk ta watse. Ta ce, "Baffa, kujerar nan..." sai hawaye ya riga ta.

"Ta Legas ce," in ji shi.

Ta ɗago kai.

"Shekaranjiya wata yarinya ta kira ni daga wurin masu jirgin, mai ladabi da ita. Ta ce, Baba, Legas za ka ko Abuja, yaushe za ka biya? Na ce Makka dai. Ta ce jirginsu ba ya zuwa can. Na sa ta maimaita sau biyu, don kunnena na hagu ya yi nauyi." Ya gyara hularsa. "Na kwana ban ci tuwo ba, ba zan ɓoye miki ba. Na ji zafi ƙwarai."

"Amma Baffa, Gwaggo ta ce har yau kana sallama."

"Ina yi. Lokacin da ta kira na riga na shiga gida goma sha huɗu. Kin san Bobbo na bayan masallaci? Shanunsa sun taɓa cinye mini dawa, na yi masa baƙar magana a kasuwa, shekara takwas in ya hango ni sai ya canja hanya. Na shiga na ce, Bobbo, tafiya ta kama ni, ka yafe mini. Mutumin nan ya riƙe hannuna yana kuka kamar yaro. To ki gaya mini, in ba mai tafiya ba, wa ke shiga gidan mutane haka kawai ya ce a yafe masa? Sai a ce ciwon ajali ne ya kama shi, ko ya zautu. Maniyyaci kaɗai ake buɗe wa ƙofa ba a tambaye shi dalili. Na ce bari in ƙarasa kafin labari ya fasu. Na san ba daidai ba ne, Allah ya yafe mini wannan ma."

"Saura gida nawa?"

Ya dubi ƙasa. "Ɗaya. A cikin Makarfi yake."

Iska mai zafi ta taso ta kwanta. Hafiza ta ji in ba ta faɗa yanzu ba, ba za ta taɓa faɗa ba. Ta sauko daga kan gungumen ta durƙusa. "Baffa, ni na rubuta. Tallan nan aikina ne. Ni na sa kalmar, ban yi tunani ba. Ka yafe mini."

Ya dube ta, ya dubi jakar da ke kafaɗarta. Sai ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Kwana biyar ina yawon neman gafara, yau ga wani ya zo nema wurina. Na yafe miki, 'yata, duniya da lahira. Ni nawa mai sauƙi ne, an kira ni na sani. Amma akwai wadda ba a kira ba. Halimatusa'adiya ta gidan maƙera, da na fito yanzu, ta ba da ɗinkin fararen kaya, ta aika wa 'ya'yanta har Zariya su zo sallama. Irinta nawa ne?"

Hafiza ta san adadin. Yana cikin jakarta, a layin farko na rahoto, an yi masa ado da kore.

Ƙarfe biyu da kwata ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta, ta jona da wayarta. Sabis sanda biyu ne, yana zuwa yana komawa. Ta fara dakatar da tallan, abin ya yi ta juyawa kamar ba zai karɓa ba, sannan ya karɓa. Ta buɗe rahoton. Ta daɗe da yatsa a sama, tana tuna wata biyar na tashin asuba zuwa Kaduna kowace Litinin, da yadda mahaifiyarta ke gaya wa maƙwabta 'yarta na aiki da masu jirgin sama. Tana son aikin nan, kuma ta iya shi. Ta goge dubu shida daga layin farko ta sa goma sha tara. Shamuwa ta gangaro daga sama ta koma ƙasan Gauraka da Tsattsewa. A ƙarƙashi ta rubuta dalili cikin layi huɗu, ba ta ɗora wa kowa laifi ba sai kanta, ta kuma roƙi a tura wa duk lambobin nan saƙo da Hausa a gaya musu gaskiya, a ba su haƙuri. Ta tura wa Madam da wakilin Shamuwa a lokaci guda, don ta san halin zuciyarta in ta tsaya jira.

Daga nan ta koma rumfar Ukasha ta faɗi gaskiya a gaban mutanen benci. Ba ta ji da daɗi ba. Ukasha ya cire hula ya mayar, ya ce shi yanzu da wane ido zai kalli surukinsa. Wani ya ce dama ya san 'yan boko ba sa abin Allah. Tsohuwar nan kuwa ta mayar da katinta cikin ƙullin zane, ta ɗaure da kyau, ta tashi. Wannan ya fi yi wa Hafiza ciwo fiye da zagin.

Baffa na tsaye a bakin hanya yana jiranta. Ya ce, "To, kin fasa ƙwan. Kafin Magariba Hussaina ta kai shi Makarfi. Mu yi sauri mu riga ta."

Suka samu motar da ta sauke taki za ta koma gari. Wayar Hafiza ta yi ta ruri a jaka, sunan Madam na fitowa yana ɓacewa, ba ta ɗauka ba. Baffa na zaune kusa da ita. Yana ta murza gefen rigarsa, leɓɓansa na motsi, da alama yana bitar abin da zai faɗa. Sau ɗaya ya juyo ya ce, "Kar ki riga ni magana." Ta ce to.

Ana kiran La'asar suka isa. Malam Mamuda na nan inda ta bar shi. Da ya ga wanda ke bayan 'yarsa, carbin ya tsaya a hannunsa. Baffa ya yi sallama daga bakin zaure. Aka amsa. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya tsaya tsakiyar zauren, dogo, hannuwa a sake. Hafiza ta raɓe jikin ƙofa tana jiran ta ji ya ce tafiya ta kama shi.

"Mamuda," in ji shi, "an gaya maka na samu kujera."

"An gaya mini."

"To babu. Kuskure ne, ba inda za ni. Na so in shigo maka da sunan maniyyaci, don na san ba za ka kore ni ba. Na zo bakin ƙofa na ga ba zan iya ba. Haka nan na zo, ba dalili. Abin da na faɗa maka a gindin ɗorawa, ka yafe mini."

Malam Mamuda ya dubi wansa tun daga hula har ƙafafunsa masu faso. Haɓarsa ta motsa. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kama hannun rigarsa ya share kujerar katakon nan, mazauni da majingina, ya juya ta ta fuskanci Baffa.

"Zauna, Yaya," ya ce. "Kwana uku ke nan ban buɗe shago ba."

Shi kuma ya zauna a ƙasa, kan tabarma.

Hafiza ta zame ta shige cikin gida. A tsakar gida ta ciro wayar. Saƙo ɗaya ne daga Madam Winifred, gajere kamar yadda ta saba: Shamuwa ta yarda za ta tura wa mutane saƙon ban haƙuri, ta kuma janye kwangila. Ranar Litinin Hafiza ta kawo kwamfutar ofis ta miƙa wa mai gadi.

Ta karanta sau biyu. Ya yi mata zafi, ba ta yi wa kanta ƙarya ba. Ta ajiye jakar a baranda inda kaji ba za su hau ba, ta share fuskarta da gefen hijabi. Mahaifiyarta ta fito daga madafa tana tambayar wa ya yi sallama a zaure.

"Baffa ne," in ji Hafiza. "Ina kwanon shan nan na baƙi?"